Kotun Ɓerayen Malam Haladu

Duk wanda ya zauna a unguwar Coal Camp ta Enugu ya san cewa in kana neman Baba tsakanin sallar asuba da fitowar rana, ɓata lokaci ne ka tsaya kana sallama a ƙofar ɗakinsa. Zagaya bayan gida kawai. Can za ka same shi zaune a kan kifaffen bokitin fenti, da tabaran nan nasa mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare a kunne, ga tarkuna huɗu jere a gabansa, yana zaman shari'a. Zai ɗaga tarko zuwa saitin idonsa, ya leƙa ciki, ya ce, "To, kai kuma waye?" In ɓera ne, sai ya ajiye shi a hagu. In kuwa jaɓa ce, ko ƙadangare, ko wani ɗan kwaɗo da ya shiga bisa kuskure, sai ya ɗage ƙofar tarkon, ya ce, "Ba kai aka kira ba. Tafi." Sai ya gama wannan zaman kaf sannan zai sha koko ya wuce rumfarsa ta wake a kasuwar Ogbete.

Ni ce Hajara, babbar 'yarsa, kuma gara in faɗa tun yanzu: ba cikin sanyin rai nake wannan rubutu ba. Tun ranar da aka binne shi nake jin kuna ba da labarinsa kuna dariya, kuna cewa Malam Haladu lauyan ɓeraye. Dariyar ba ta dame ni ba, don ni ma na yi ta, har na fi ku. Abin da ya dame ni shi ne wanda ya faru ranar sadakar bakwai, kuma zan zo kansa. Amma sai na fara gyara muku labarin, don yawancinku rabinsa kuka sani, mu da muka zauna da shi a gida ɗaya mu muka sha wahalarsa.

Baba bai taɓa sayen tarko ba. Na kasuwa, mai ƙarfen nan da ke faɗowa ya karya wuya, cewa yake yi makaho ne, duk abin da ya taka shi ya mutu. Nasa keji ne na waya da yake ƙerawa da hannunsa, kuma wayar daga cikin kayan gidanmu take fitowa. Wata shekara, ana tsakiyar zafin nan na Enugu da ke hana mutum numfashi, Inna ta dawo daga unguwa ta tarar da fankarmu ta tsaye tsirara, babu raga gaba da baya, fukafukanta na ta wulwulawa a fili.

"Malam, ina ragar fanka?"

"Tana bayan gida tana aiki."

"Yanzu in ta sare wa wani yatsa fa?"

"Mutum yana da hankali, zai kauce. Ƙadangare ne ba shi da mai faɗa masa."

Mutum mai hankalin da bai kauce ba Inna ce. Kafin sati ya zagayo fankar ta cafke gefen mayafinta na zuwa biki ta yi masa kaca-kaca. Baba ya duba yagaggen mayafin, ya jinjina kai kamar mai jimami, sannan ya tambaya ko za ta ba shi guntun, don yana neman abin da zai riƙa rufe tarko da shi saboda rana. Kwana uku ba ta yi masa magana ba, amma guntun mayafin yana nan har yau a kan tarko na biyu.

Kuma kada ku ɗauka ɗana tarkon nasa abu ne na wasa. Dokoki gare shi kamar na aikin hajji. Ba ya ɗanawa sai bayan magariba, lokacin da kajin maƙwabciyarmu Madam Ngozi suka shige akurki, tantabaru suka kwanta. Ba ya sa hatsi a ciki, don hatsi yana kiran tsuntsu. Ƙuli-ƙuli yake sawa, ya ɗan jiƙa shi. Kowane tarko sai ya zura shi cikin guntun bututun roba ya jingina da bangon sito, ta yadda sai mai bin gindin bango ne zai same shi. Sannan, abin da ya fi ba ni haushi, a cikin kowane tarko akwai murfin kwalba cike da ruwa. Na taɓa ce masa, "Baba, ɓarawon da ya cinye maka wake ne kake ba ruwan sha?" Ya ce, "Ai ban san wanda zai shiga ba tukuna. In baƙo ne, kina so ya kwana da ƙishi a gidana?"

Ranar da dangin mijina suka zo gaisuwar neman aurena kuwa, wannan har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutane uku suka taso tun daga Fegge, har da baffan mijina, dattijo mai ji da kansa, cikin farar shadda da ta sha guga. An shimfiɗa musu tabarma a zaure, an kai ruwa, ana jiran Baba. Shiru. Ina kicin zan soya naman baƙi, na juya ɗaukar man gyaɗa, babu kwalba babu dalilinta. Na zagaya baya, sai ga Baba tsugune da babbar rigarsa ta karɓar baƙi, ya naɗe hannuwanta zuwa kafaɗa. Wani ɗan haya ne ya ajiye kwalin danƙon nan na kama ɓera, ƙadangare ya hau ya manne, ƙafa huɗu da haɓa. Baba yana ɗiga masa man gyaɗana da tsinken tsintsiya, yana ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, baƙi fa suna jira tun ɗazu."

"Suna numfashi?"

"Baba, don Allah."

"Wannan ba ya numfashi sosai. Ki ce musu ina zuwa."

Sai da ya kusa awa guda. Da ya shiga zaure, hannayensa na naso da mai har gwiwa, ya miƙa wa baffan mijina hannu. Dattijon ya dubi hannun, ya dubi shaddarsa, ya dunƙule nasa ya kai ƙirji. Baba bai ji komai ba, ya zauna, ya ce, "Babu laifi, Alhaji. Wanda na baro a baya ma bai ba ni hannu ba, kuma ban riƙe shi a rai ba." Da dafaffen nama aka sallami baƙin nan. Shekara biyu dangin mijina suna kirana amaryar gidan ƙadangare.

Wasu cikinku suna cewa tausayin ɓera yake ji. Ƙarya ne, babu wanda ya tsani ɓera irin Baba, mutumin da abincinsa ke cikin buhu. Liman ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam Haladu, ɓera fa halal ne a kashe shi, kada ka ƙuntata wa kanka." Baba ya ce, "Na sani, Allah gafarta Malam. Amma ban ji an ce a haɗa da maƙwabtansa ba." Waɗanda ya ajiye a hagu kuwa, juye su yake yi cikin keji ɗaya, ya sa a buhu, ya hau okada, daga baya da aka hana okada ya koma hawa keke mai ƙafa uku, ya nufi wani fili a bayan gari ta wajen tsaunin nan, inda shirwa ke yawo a sama. Can yake sakinsu a sarari, ba ciyawa ba rami. In aka ce ya yafe musu, sai ya ce, "Ban yafe ba. Kotu na sauya musu."

Madam Ngozi ba ta taɓa yarda da wannan tsari ba. Mace ce da ta shekara ashirin tana bango ɗaya da mu, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge, sai dai in ta fusata ta haɗa da Pidgin. Kullum cewa take, "Papa Hajara, yawon shan iska kawai kake kai su. Kafin ka dawo sun riga ka isowa gida." Don ya ƙaryata ta, Baba ya saci bular wankin Inna, ya riƙa tsoma wutsiyar kowane ɓera kafin ya tafi da shi. Kwana biyar da fara wannan, muna tsakar gida da safe, sai muka ji shiru daga kotu. Muka leƙa. Baba na riƙe da tarko, a ciki ga wani ƙaton ɓera da wutsiya shuɗiya shar, yana cin ƙuli-ƙuli hankali kwance. Madam Ngozi ta riƙe ƙugu, ta ce, "I no talk am? Ban faɗa ba?" Baba ya daɗe yana kallon ɓeran ta saman tabarau, sannan ya ce, "Wannan ba dawowa ya yi ba. Mantuwa ya yi, ya zo ɗauka." Washegari sai da ya sa mai keke ya wuce filin da nisa, har mutumin ya tambaye shi ko Nsukka za a kai fasinjan.

To, yanzu ga rabin da ba ku sani ba. A cikin rufin siton Baba akwai mujiya. Duk gidan an tsane ta. 'Yan haya Inyamurai suna cewa mayya ce, namu Hausawan suna cewa kukanta mugun abu ne, sau ɗaya a tarihin gidan nan da bakinsu ya zo ɗaya. Baba kaɗai ke kiranta mai gadi. Ya ce abin da take kamawa a kwana ɗaya tarkunansa huɗu ba sa kamawa a sati, kuma ba ta taɓa neman ƙuli-ƙuli ba. Har ramin da take shiga ya hana a toshe.

Bayan aurena na fara 'yar sana'ar wake, na ajiye buhuna biyu na farko a siton Baba. Na zo ɗauka wata safiya na tarar an huda ɗaya ta gindi, wake ya zube ya cakuɗe da kashin ɓera. Na zauna na yi kuka, sannan na fusata. Na ce a raina wannan tsohon da kotunsa sai sun talauta ni. Na shiga Ogbete na sayo shinkafar ɓera, na barbaɗa a bayan buhuna da saman katanga, ban faɗa wa kowa ba.

Ta yi aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Ɓeraye suka riƙa fitowa tsakar rana suna tangaɗi kamar mashaya, wasu suka mutu a cikin silin, wari ya hana kowa cin abinci. Rana ta uku kazar Madam Ngozi, wata wake-wake mai 'ya'ya bakwai, ta faɗi a bakin rariya tana shure-shure. Rana ta biyar na zo da sassafe na tarar da mutanen gida sun taru a gindin gwanda, ana murna. Mujiya ce a ƙasa, fukafukai a buɗe, idanu a rufe. Ta ci ɓeran da ya ci shinkafata.

Baba ya ratsa mutane ya ɗauke ta da hannu biyu. Ya juya ta, ya duba ƙarƙashin fukafukan, babu rauni. Ya shiga sito, ya jima, ya fito da 'yan ƙwayoyin shinkafar a tafin hannunsa. A daidai nan Madam Ngozi ta iso da gawar kazarta, wadda ta mutu cikin dare, a hannu, tana ihu sai an nuna mata wanda ya zuba guba. Ni kuwa ina tsaye a gefe. Baba ya dube ni sau ɗaya, ya kau da kai, ya ce mata, "Sitona ne, Madam. Laifina ne." Ya shiga ya kamo babban zakaransa da yake tanadi don Sallah ya miƙa mata. Ta karɓa, amma wata guda ba ta amsa gaisuwarsa ba, kuma ta bi gida gida tana cewa ashe Malam mai wa'azin ƙadangare shi ne mai guba a ɓoye.

Da kowa ya watse ya haƙa rami a gindin gwandar ya binne mujiyar. Ina tsaye a bayansa ina jiran faɗa, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Sai da ya gama tattake ƙasar sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Hajara, ni ina tambaya waye kafin in hukunta. Abin nan da kika sayo ba ya tambaya." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Shekarar nan ɓeraye suka yi mana yawan da ba mu taɓa gani ba, don babu mai gadi. Sai bayan damina biyu wata mujiyar ta gano ramin ta tare a ciki, ranar Baba har shayi ya saya wa duk wanda ya zo rumfarsa, shi da ba ya saya wa kansa.

Yanzu ranar sadakar bakwai. An yi addu'a, an raba waina, mutane na zaune a tsakar gida. Sai Alhaji Tanimu, wanda mai gidan ya wakilta ya kula da gidan, ya gyara murya. Bakinsa cike da wainar sadakar ubana, ya ce, "To, tunda Allah ya yi wa Malam rasuwa, gidan nan zai huta. Jibi zan sa a zo a zuba magani ko'ina, a toshe ramin tsuntsuwar nan, a kwashe tarkacen wayoyin nan a zubar." Wasu har da gyaɗa kai. Kwana bakwai fa. Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba, bokitinsa na nan a kife inda ya bar shi, mutumin da Baba ya yi shekaru yana auna wa wake da gyara ya rasa abin da zai yi mana ta'aziyya da shi sai wannan.

Ban san lokacin da na fito daga cikin mata ba. Na ce, "Alhaji, ba za a zuba ba."

Ya ce, "Hajara, ki yi haƙuri, amma shi kansa Malam ai ya taɓa zubawa da abin ya ishe shi. Ko ba haka ba, Madam?"

Nan na gane cewa shirun da na yi shekara da shekaru shi ne sandar da za a doki Baba da ita bayan ransa. Kunya ta kama ni, amma haushi ya fi ta ƙarfi. Na ce, "Bai taɓa zubawa ba. Ni na zuba. Ni na kashe mujiyar farko, ni na kashe kazar Madam, shi kuwa ya ɗauki laifin ya ba da zakaransa." Inna ta rufe baki da mayafi, ashe ita ma bai taɓa faɗa mata ba.

Madam Ngozi ta miƙe a hankali, ta tako har gabana, ta dube ni sama da ƙasa. "So na you." Na ce ni ce. Ta ce, "Wata guda ban gaishe shi ba. Na zage shi a layin nan kaf, yana ji, kullum da safe sai ya ce min Madam ina kwana." Ta share ido da bakin zani. Sai kuma ta juya kan Alhaji Tanimu kamar shi ya yi mata laifin. "Alhaji, ina da kaji goma sha wani abu a gidan nan, ina da jikoki masu rarrafe. Duk wanda ya shigo da guba, shi zai fara lasa. Try am." Alhaji ya haɗiye wainarsa da ƙyar, ya ce ai shawara ce kawai ya kawo. Ya ba ni wata uku, wai in ɓeraye suka ƙaru zai yi abin da ya ga dama.

Don haka in kun ga mace da hijabi a cikin keke da sassafe, da buhu yana motsi a kan cinyarta, ba sai kun tambaya ba. Masu keken Coal Camp duk sun gane ni, wasu in sun hango ni sai su ƙara wuta. Kullum da magariba nakan zo in ɗana tarkunan, in cika murafen da ruwa, in dawo bayan asuba. Ina yi ina mita, don har yanzu ban daina ganin wahala ce ba, kuma har yanzu ina jin haushin mutumin da ya bar min gadon bokitin fenti. Shekaranjiya na ɗaga tarko na biyu, mai guntun mayafin Inna, na tarar da jaɓa a ciki, tana wari, tana nuna min dogon bakinta. Na ɗage ƙofar. Ban shirya cewa komai ba, sai kawai na ji bakina ya ce, "Ba ke aka kira ba. Tafi." Na zauna a kan bokitin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Don ga abin da na tuna a lokacin. A asibiti, kwana ɗaya kafin ya cika, ina gyara masa matashi ina ce masa likita ya ce da sauƙi, jibi za a sallame mu. Ya dube ni, ba tabarau, idanunsa sun yi ƙanana, ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Bar wahalar da kanki, Hajara. Wannan karon ni aka kira." Sannan ya ce in ce wa Inna ta leƙa tarkuna, don kwana biyu ke nan babu wanda ya duba, kada wani ya kwana a ciki da ƙishi.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo gabanka. Bai taɓa hukunta ko ƙadangare ba sai da ya duba, kuma ya rufa wa 'yarsa asiri har ya mutu. Ka duba shi da rahama, Ka rufa masa nasa asirin, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da baƙin da bai san sunansu ba, Ka buɗe masa ƙofa. Amin.